Hajiya ga amsar tambayarki a kan koren kadamon

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya karɓi ibada ya sa an yi karɓaɓɓiya. In na fahimce ki daidai kin ce kin sha gahawa a Madina ƙamshinta ya tsaya miki a rai, da kika dawo kika je kasuwa kika sayi kadamon ɗin, wato hel ko habbahan yadda wasu masu kayan ƙamshi ke ce masa, kika haɗa a gida amma ko kusa bai kama ƙafar wancan ba, sannan mai shagon ya fito miki da kala uku, wani kore shar, wani ya koɗe, wani fari tas, kowanne da kuɗinsa, kika rasa na ɗauka. Kuma kina tambaya ko zai yiwu ki shuka abinki a bayan gida nan Kano ki huta da tsadar. Toh ki yi haƙuri zan ɗan ja da tsawo, harkar kayan ƙamshi ita ce sana'ata kuma wannan kadamon ɗin yana cikin abin da aka fi cutar mutane a kansa.

Ki fara riƙe wannan tukuna, ƙamshin kadamon ba a koren kwanson yake ba, a cikin ƴan ƙananan ƴaƴan nan baƙaƙe na ciki yake. Ki fasa ɗaya ki gani, ɗaki uku ne a ciki, ƴaƴa kamar 15 zuwa 20 a manne da juna, su ne ke ɗauke da man da ke bada ƙamshin, kuma man nan mai saurin tashi ne, da ya sha iska ko zafi ko haske sai ya fara gudu. Kwanson aikinsa kawai ya rufe su ya tsare man. Duk wata magana ta kala da girma da ake yi a kasuwa hanya ce ta hasashen abin da ke ciki, shi ya sa wanda ya tsaya a kala kaɗai yake shan kashi.

Shukar kanta dangin citta ce da kurkum, har da citta mai ƴaƴa da muke da ita a nan Afirka ta Yamma duk gida ɗaya suke. Saiwa take yi a ƙasa ta dinga fitar da kara masu dogayen ganye, tsayinta yana kai mita 2 zuwa 4. Asalinta dazukan tsaunukan kudu maso yammacin Indiya ne, jihar Kerala musamman gundumar Idukki, akwai ma tsaunukan da sunansu kenan, tsaunukan kadamon, sai maƙwabtanta Karnataka da Tamil Nadu. Amma abin da yawancin mutane basu sani ba, mafi yawan wanda ke yawo a kasuwannin duniya daga Gwatamala yake fitowa, can tsakiyar nahiyar Amurka. Wani Bajamushe mai gonar kofi, Oscar Majus Kloeffer, shi ya kai irin can wajajen 1914, kadamon ɗin ya karɓi ƙasar yankin Alta Verapaz sosai, yau ƙananan manoma ne ƴan asalin ƙasar ke nomansa a kan tsaunuka, su kansu kusan basa sa shi a girkinsu, lodinsa ake yi zuwa Saudiyya da Dubai da sauran ƙasashen Larabawa. Ita kuwa Indiya tana nomawa da yawa amma mafi yawansa a gida suke cinyewa. Akwai kuma kaɗan a Siri Lanka da tsaunukan Usambara na Tanzaniya. Don haka babu mamaki gahawar da kika sha a Madina kadamon ɗin Gwatamala ne a ciki, wanda kika saya a nan ma wataƙila daga can ɗin ne ya biyo ta Dubai, bambancin kawai daraja da kuma daɗewa a hanya da shago.

Tsadar kuwa wallahi in kika ga wahalar da ke ciki ba za ki yi mamaki ba, ana lissafa shi a na uku a tsada cikin kayan ƙamshi bayan za'afaran da banila. Sai an shuka an jira shekara 2 zuwa 3 kafin ya fara bada ƴaƴa. Kuma ba a sama yake yin su ba, daga gindin shukar wasu siraran rassa ke fitowa, wani iri su kwanta a ƙasa wani iri su miƙe, a jikinsu furanni ke fitowa farare masu ɗan zanen shunayya, ƙudan zuma ne ke yin barbarar, gonar da babu zuma amfaninta raguwa yake. Daga fure zuwa nuna wajen wata huɗu. Matsalar ita ce basa nuna tare, a reshe ɗaya za ki ga fure, ga ɗanye, ga wanda ya isa tsinka, shi ya sa inji baya yin aikin, da hannu ake bi ɗaya bayan ɗaya a sunkuye, yawanci mata ne, a zaga gona a dawo bayan wata ɗaya ko kwana 40 a sake bi, haka za a yi ta yi tun daga wajen Agusta har farkon sabuwar shekara. Kuma sai mai ido, in aka tsinka da wuri ƴaƴan ciki basu ƙosa ba za su fito fari-fari babu mai, in aka bari ya nuna ya wuce kwanson zai tsage wajen busarwa. Ana so a kama shi daidai lokacin da ƴaƴan ciki suka yi baƙi amma kwanson yana kore.

Daga nan sai busarwa, kuma nan ne ake samun kala ko a rasa ta. Ɗanyen kadamon kusan duk ruwa ne, sai an haɗa kilo 5 na ɗanye kafin a samu kilo 1 busasshe, kinga tun a nan kuɗi ya ninka. Ba a shanya mai daraja a rana, rana koɗar da shi take ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko ɗorawa. Ɗakin busarwa ake sa shi, iska mai ɗumi ta dinga ratsa shi a kan digiri 45 zuwa 50 na kwana ɗaya cur ko fiye, har danshin ya sauko wajen kashi 10 cikin 100, kuma dole a sa shi da wuri bayan tsinka, in ya kwana biyu a buhu ya gumu shikenan kalar ta tafi. In mai hura wutar ya yi gaggawa zafi ya yi yawa kwanso ya fashe mai ya ƙone. Bayan ya bushe a murje shi a cire ƴan guntayen kara da busasshen fure, sannan a zo tantancewa.

Tantancewar abu uku ake dubawa, girma da nauyi da kala. Girma da rariya ake yi mai huda daban-daban, milimita 6, 7, 8, kaurin kwanson ake aunawa ba tsayinsa ba, shi ya sa za ki ji ƴan sari suna cewa wannan 7 ne wannan 8 ne, mai 8 zuwa sama shi ne na manya kuma shi Larabawa suka fi so. A ma'aunin Indiya sunan da ya fi fice shi ne Alleppey Green, Alleppey ɗin sunan wani gari ne na bakin ruwa a Kerala da aka daɗe ana cinikinsa, za ki ga an rubuta AGEB a jikin kwali shi ne na sama, milimita 7 zuwa sama, sai AGB mai 6, sai AGS mai 5. Na Gwatamala ma da nasu sunayen, na ƙasa-ƙasa wanda ya haɗa kore da rawaya suna rubuta masa MYQ, shi ne mai araha. Amma ni a wurina ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne nauyi, a cika gwangwanin lita ɗaya a ɗora a sikeli, AGEB dole ya kai giram 435, AGB 415, AGS 385. Dalili kuwa kin san yadda ake sayen gyaɗa mai kwanso, mudu biyu za su cika daidai amma ɗaya holoƙo ne, sai kin ɗaga kin ji, toh haka nan ma, kwanso zai iya yin ƙato ya yi kyau a ido ciki ba komai. A Indiya hukumar kayan ƙamshi ta ƙasar mai hedikwata a Kochi ita ke kula da gwanjonsa, ana yi ta kwamfuta a Bodinayakanur da Puttady, ƴan kasuwa su zauna a miƙa musu samfur su duba su danna farashi, daga nan farashin ranar ke fita. A 2018 ambaliya ta yi wa Kerala mummunar ɓarna, shekarar da ta biyo baya farashi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba har kilo ya taɓa rufi 7,000 kuɗin Indiya a gwanjo, mu ma nan sai da muka ji a jikinmu. Kuma sau da yawa yana ɗagawa gab da azumi saboda Larabawa na saye da yawa, in kina da hali ki saya tun watan Rajab.

Yanzu ke da kike tsaye gaban shago babu rariya babu gwangwanin lita, ga abin da za ki yi. Ki ce ya baki guda biyu ko uku ki fasa, mai kaya mai kyau baya hanawa, in ya hana ki wuce gaba. Kafin ki fasa ki matsa da yatsa, mai kyau cike yake dam baya lotsawa, marar kyau za ki ji shi fayau kamar ba komai ciki. Da kin fasa ki dubi ƴaƴan, ana so su zama baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, a dunƙule, da ɗan danƙo-danƙo in kin murza, in kika ga sun yi fari ko ja-ja sun yamushe suna zubewa kamar tsakuwa to ko an tsinka da wuri ko ya tsufa. Sai ki tauna ƙwaya ɗaya, nan take za ki ji wani sanyi ya hau hanci da ɗan zaƙi da ɗan yaji a harshe, kuma ya daɗe a baki. In sai kin yi ta nema kafin ki ji ƙamshin, ko kika ji warin rima, ki ajiye masa abinsa ko nawa ya rage miki.

Maganar kala kuma a yi hattara. Kore na gaskiya ba ya ɗaukar ido sosai, kuma in kika zuba a tafin hannu za ki ga wani ya ɗan fi wani, ba a taɓa samun su kala ɗaya sak. In kika ga kore shar mai ƙyalli duk iri ɗaya ki jiƙa farin ƙyalle ko tishu ki murza a ciki, in ya bar kore a jiki rini aka yi masa, kuma abin da ya fi ɓata min rai ba a san irin kalar da suke sawa ba, mutum ya zuba a shayin yaransa. Akwai kuma algus na haɗa wanda aka riga aka tatse mansa a kamfani da mai kyau, shi ma fasawa da taunawa ne ke tona shi. Wanda kika ce ya koɗe ba lallai ya lalace ba, sau da yawa shanyar rana ce ko ya nuna sosai kafin a tsinka, in ƴaƴan ciki baƙaƙe ne masu danƙo ki saya abinki da araha ki yi girki, gaskiya ni don amfanin gida na fi son mai milimita 6 ko 7 mai nauyi sabo a kan ƙaton mai 8 da ya shekara biyu a kwalba a rana. Za ki kuma ga wasu da ƙuraje-ƙuraje ko tabo a jiki, wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke tsotsar su tun suna ƙanana, yana rage ƴaƴan ciki, kuma shi ne ke sa manoma yawan feshi, har a 2018 Saudiyya ta tsare kayan Indiya saboda ragowar maganin ƙwari ya wuce ƙa'idarsu. Don haka in za ki jefa da kwanso a tukunya ki ɗan ɗauraye tukuna.

Farin kuma ba wani iri ba ne daban, koren ne aka wanke da sinadari ya yi fari, ƙamshinsa ya fi rauni, ban ga dalilin da za ki biya kuɗi a rage miki ƙamshi ba. Akwai kuma wani ƙato baƙi mai kaushi da ƙaurin hayaƙi, wannan shuka ce daban ta Nepal da arewa maso gabashin Indiya, a kan wuta ake busar da shi, na nama ne da shinkafa, kar ki kuskura ki sa shi a gahawa ko kayan zaƙi.

Garin kadamon na leda ko na kwalba kuwa ban ba ki shawara ba sam. Na farko baki san me aka niƙa ba, yawanci da kwanso ake haɗawa har da rubabben da ba zai sayu a tsaye ba, na biyu ko mai kyau ne daga ranar da aka niƙa ƙamshin ya fara tafiya, cikin ƴan makonni ya zama gari kawai. Ki sayi mai kwanso kaɗan-kaɗan, ki zuba a kwalba mai murfi da ke rufuwa gam, ki sa a cikin kabad inda ba haske, nesa da murhu, zai kai miki shekara lafiya. Masu sari ma a baƙar leda suke ɗaure shi cikin buhu saboda haske. Ranar da za ki yi amfani ki fasa iya wanda kike buƙata ki daka a ƙaramin turmi, in kin ga yana guje wa taɓarya ki sa ɗan sukari kaɗan ki daka tare.

Sai gahawarki. Ina kyautata zaton ba kadamon ɗin kaɗai ba ne ya ba ki matsala, har da kofin da kuma lokacin zubawa. Gahawar Saudiyya ba da baƙin kofi irin na gwangwani ake yi ba, ƴaƴan kofi ne da aka soya sama-sama suka tsaya ruwan zuma, shi ya sa kika ga ta fito rawaya-rawaya a finjali. Ki dafa garin kofin shi kaɗai, kamar cokali 3 a ruwa lita ɗaya, wuta kaɗan minti 10 zuwa 15, ki sauke ya lafa, sannan ki daka kadamon ɓarza-ɓarza ba laushi ba kamar cokali ɗaya cike, ki zuba a buta ko filas ki tace gahawar a kai ki rufe minti 5. Su basa tsoron zuba shi da yawa, wasu ma sun fi haka, wasu su ƙara za'afaran ko kanumfari ƙwaya biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba tun farko a yi ta tafasawa tukunya a buɗe, gida ya ɗauki ƙamshi amma kofin ba komai, wani lokaci ma ya yi ɗaci. Ba a sa sukari, dabino ne abokin tafiyarta.

A namu girkin ma yana shiga wurare da yawa in an iya hannu. Shayin madara da citta da kirfa ki fasa guda 3 ko 4 ki jefa dab da saukewa. Kunun gyaɗa, kunun aya, tuwon madara, kek, cincin, dubulan, duk abin da ke da madara ko sukari yana karɓarsa, ƴan Indiya haka suke da shi a kayan zaƙinsu, mutanen Suwidin da Finlan ma har burodi suke yi da shi. A shinkafa ko nama kuma salon daban ne, a nan da kwansonsa ake sawa, ki ɗan fasa bakinsa ki jefa cikin mai mai zafi tare da kirfa da kanumfari na ƴan daƙiƙu kafin albasa, mai yana riƙe ƙamshin ba kamar ruwa ba, haka ake yi a biriyani da kabsa. Guda 5 ko 6 sun ishi tukunyar gida, in ya yi yawa abincin zai koma kamar magani, kuma kar ki haɗa shi da daddawa ko miyar kuka, basa jituwa. Tauna ƙwaya ɗaya bayan cin abinci yana gyara numfashi, wannan kam sananne ne, amma masu tallan cewa yana warkar da hawan jini da suga da kaza da kaza, don Allah kar wani ya ajiye maganin asibitinsa saboda su.

Shuka a Kano kuwa Hajiya gaskiya ba zai yi ba, kar ki wahalar da kanki. Wannan shukar ta cikin daji ce mai inuwa, tana son tudu mai tsayin mita 600 zuwa 1,500, ruwan sama daga milimita 1,500 zuwa sama a shekara kuma a warwatse cikin watanni da yawa, da iska mai laima, zafi kar ya wuce digiri 35. Mu kuwa damina wata huɗu ce, sai hunturu ya zo da busasshiyar iska ya ƙone ganyen, bazara kuma ta haura 40. Ko kin lallaɓa ta a tukunya a inuwa kina ban ruwa safe da yamma iyakaci ki samu ganye, fure da ƴaƴa sai dai a ji a salansa. Sannan wanda ke kasuwa ma ba iri ba ne, ya sha zafin ɗakin busarwa ya kuma daɗe, ƴaƴan kadamon kuwa da wuri suke mutuwa, manoman can sabo suke shukawa ko kuma su raba saiwa daga uwar da suka san tana bada amfani. In akwai inda yanayinsa ya yi kusa da abin da take so a Najeriya to tsaunin Mambila ne a Taraba, wajen Gembu inda ake noman ganyen shayi, akwai tsayi akwai sanyi akwai ruwa, duk mai son gwadawa can ya kamata ya dosa, ya nemi saiwa mai lafiya ta hanyar hukumar da ke tantance tsirran da ake shigowa da su, saboda akwai wata cuta mai sa ganye zane-zane da ke bin saiwa kuma ba ta da magani sai tumɓukewa, ya fara da ƴan gindi kaɗan a ƙarƙashin bishiyoyi, ya kuma tanadi yadda zai busar tun kafin su fara ƴaƴa. Ke kuma filin bayan gidan nan ki sa na'ana'a da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo, suna yi sosai a Kano kuma duka biyun suna tafiya da kadamon a shayi.